Fatalwowin Karkarar Norfolk a Ma'aunin Ilimin Halittu

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Idan kuwa duhun biyu suka haɗu wa mutum a hanyar daji, babu irin abin da idonsa ba zai nuna masa ba. Ɗalibai da yawa suna zaton labarin fatalwa da gidan da ba a iya kwana a ciki abubuwa ne na ƙauyukan Afirka kaɗai, Turawa kuwa sun daɗe da wuce wurin. Wannan zato kuskure ne. A Ingila, ƙasar da ta haifi Newton da Darwin, da wuya a sami gundumar karkara wadda ba ta da wani kufai ko tsohon gida ko mararraba da mutane ke ɗaga ƙafa idan sun zo wucewa bayan faɗuwar rana.

Wannan maƙala za ta ɗauki gunduma ɗaya tak, wato Norfolk, wadda mutanenta ke furtawa Nofok, ta bi fitattun labaranta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta duba abin da ilimin halittu da sauran rassan kimiyya suka gano game da su. An zaɓe ta ne saboda yawancin labaranta a rubuce suke, wasu har da kwanan wata, kuma masana sun yi ƙarnuka suna nazarin tsuntsayenta da fadamunta. Tun da fari yana da kyau mai karatu ya san iyakar magana. Kimiyya ba ta yanke hukunci a kan gaibu, domin ba ta da ma'aunin da zai kai can. Aikinta shi ne auna haske da ƙara da iska da jikin ɗan Adam, kuma a nan maƙalar za ta tsaya.

Ƙasar da Yanayinta

Norfolk tana gabashin Ingila, Tekun Arewa ya kewaye ta daga arewa da gabas. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 5,300, mutanenta kuma sun zarce 900,000 a ƙidayar 2021. Babban birninta shi ne Norwich. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta manoma, tudunta mafi tsayi bai wuce mita 105 ba, kuma tana da tsofaffin majami'u fiye da 650, ban da waɗanda suka zama kufai.

Ta yamma akwai wata makekiyar fadama wadda aka fara janye ruwanta gadan-gadan a ƙarni na 17. Ta gabas kuma akwai jerin tafkuna da rafuka cike da dogayen ciyayin ruwa. An daɗe ana ɗauka tafkunan nan haka Allah ya yi su, sai a farkon shekarun 1950 wata masaniyar tsirrai mai suna Joyce Lambert ta haƙa gindinsu wuri-wuri, ta tarar gefensu a miƙe yake kamar bangon rijiya. Ashe kududdufai ne da mutanen da suka haƙa tsakanin ƙarni na 12 da na 14, suna ɗibar wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun ciyayi suna busarwa don hura wuta, daga baya ruwa ya cike su. Fadama da hazo da kufai da dogon daren hunturu, su ne kayan da aka gina labaran fatalwar wannan gunduma da su.

Masu Fitilar Fadama

A maƙabartar ƙauyen Thurlton akwai kabarin wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Joseph Bexfield, wanda ya nitse a watan Agusta na 1809. Labarin da ake bayarwa shi ne ya fito cikin dare zai ratsa fadama ya ɗauko wani saƙo a jirginsa, aka gargaɗe shi bai ji ba, sai “Masu Fitila” suka ja shi cikin ruwa. Masu Fitila, a faɗar mutanen wurin, waɗansu halittu ne da ke yawo a kan fadama da 'yar wuta mai shuɗi-shuɗi, matafiyi ya zaci fitilar gida ce, ya bi ta har ya hallaka.

Mutumin da ya fara kama bakin zaren wannan al'amari shi ne Alessandro Volta, masanin nan na Italiya wanda daga sunansa aka samo ma'aunin ƙarfin lantarki. A shekarar 1776 ya caccaki taɓon bakin tafkin Maggiore da sanda, ya tara kumfar da ke tasowa a kwalba, ya ga tana kamawa da wuta. Wannan iska ita ce ake kira metan. A yau an san masu yin ta. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu zama cikin taɓon da babu iskar oksijin, suna cin ragowar ruɓaɓɓun ganyaye suna fitar da metan. Irinsu ne ke cikin tumbin saniya, kuma su ne ke aiki a ramin da ake zuba kashin shanu don samar da gas na girki.

Sai dai an bar baya da ƙura, domin metan ba ta kamawa da kanta sai zafi ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos. To, wa ke ƙyasta ashana a tsakiyar fadama? An daɗe ana zargin wata iska mai suna fosfin, wadda idan tana gauraye da wata 'yar uwarta takan kama da zarar ta haɗu da iska. A 1980 Allan Mills na Jami'ar Leicester ya gwada haɗa su a ɗakin bincike. Ya sami haske, amma kore ne mai hayaƙi da wari, bai yi kama da abin da matafiya suka siffanta ba. A 2025 kuma ayarin Richard Zare na Jami'ar Stanford da ke Amurka suka nuna cewa 'yan mitsi-mitsin kumfar metan da iska a cikin ruwa suna ɗauke da cajin lantarki, kuma idan suka kusanci juna wani ɗan tartsatsi kan gifta tsakaninsu, ya sa metan ta ba da haske marar zafi. An ga wannan a ɗakin bincike, saura a tabbatar da shi a fadama. Abin lura a nan shi ne, tun da aka janye ruwan yawancin fadamun, labarin ganin Masu Fitila ya yi ƙaranci ƙwarai. Shi kuwa Bexfield, ko da fitila ko babu, ratsa fadama mai ramuka cikin duhu ya isa ya kashe mutum.

Mujiya Mai Haske

A shekarun 1907 da 1908 mutanen ƙauyukan Foulsham da Twyford sun riƙa ganin wani haske yana shawagi a kan gonaki da dare, ya yi ƙasa, ya yi sama, ya bi shinge, ya juyo. Wani mazaunin wurin mai sha'awar tsuntsaye, R. J. W. Purdy, maimakon ya ruga gida ya ja bargo, sai ya riƙa fita yana lura. Ya ga tafiyar hasken daidai take da tafiyar mujiya mai farauta, ya kuma ji kukanta daga inda hasken yake. Maganar ta kai jaridar The Times ta Landan, ƙungiyar masana halittu ta Norfolk da Norwich kuma ta buga bayaninsa a 1908.

Tsuntsuwar da ake magana ita ce farar mujiya mai fuska kamar faifai, wadda masana ke kira Tyto alba. Ita ce dai ke kwana a rufin makarantu da tsofaffin soraye da kogon kuka a ƙasar Hausa. Bayanin da masanan wancan lokaci suka fi karkata gare shi shi ne mujiyar ta kwana a kogon ruɓaɓɓiyar bishiya, ɓurɓushin itacen ya manne a gashinta. Akwai wata laimar kwaɗi mai suna Armillaria wadda zarurrukanta ke ratsa ruɓaɓɓen itace su sa shi yin haske kore-kore cikin duhu. Hasken yana fitowa ne idan wani sinadari mai suna lusiferin ya haɗu da oksijin, kwatankwacin yadda maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da damina, ke yin nasa. An san ire-iren laimar kwaɗi fiye da 70 masu wannan hali.

Ko ba tare da wannan ba, Allah ya yi wa farar mujiya duk siffofin da ake ba fatalwa. Cikinta fari fat ne, yana mayar da hasken wata. A 2019 masana a Jami'ar Lausanne ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa a daren farin wata ɓera kan daskare ya daɗe idan mujiya mai farin ƙirji ta tunkaro shi, ta haka take samun sauƙin cafke shi. Fukafukanta suna da taushi, bakinsu kuma yana da 'yan haƙora kamar mataji masu kashe ƙarar iska, don haka takan wuce ta kan mutum bai ji motsinta ba. Kunnuwanta biyu ba a jere suke ba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya sama, abin da ke ba ta damar gane inda ƙara ta fito. Masanin Amurka Roger Payne ya nuna tana iya kama ɓera a ɗaki mai duhu ƙirin da ji kawai. Kukanta kuwa tsawa ce mai kama da ihun mace, 'ya'yanta kuma idan suna jin yunwa sukan yi wani huci kamar minsharin mutum. Farin abu marar motsin ƙafa, mai fitowa daga tagar kufai yana ihu, me ya rage a kira shi fatalwa?

Muryoyin Dare

A cikin ciyayin tafkunan Norfolk akwai wani tsuntsu ɗan uwan zalɓe da ake kira bitan. Launinsa ya saje da busasshiyar ciyawa, shi ya sa ba kasafai ake ganinsa ba. Da bazara namijin yakan cika maƙoshinsa da iska ya sake ta da wani irin gurnani mai zurfi, kamar an busa bakin babban tulu, kuma akan ji shi daga nisan da ya kai kilomita 5. Mutanen da sun ɗauki wannan ƙara a matsayin alamar mutuwa. Janye ruwan fadamu da farauta suka sa ya daina haihuwa a Birtaniya kafin ƙarshen ƙarni na 19, sai a 1911 wata mai ɗaukar hoton tsuntsaye, Emma Turner, ta sake gano ɗan tsakonsa a wani tafkin Norfolk. A 1997 maza 11 kacal aka ji suna gurnani a duk ƙasar. Da aka gyara masa mazauni, adadin ya haura 200 a 2021.

A cikin gida kuma akwai wani ƙwaro mai cin katako, Xestobium rufovillosum, wanda tsawonsa bai wuce milimita 7 ba. Tsutsarsa takan yi shekaru tana cin tsofaffin azarorin gida. Idan ya girma yana neman abokiyar barbara, sai ya riƙa buga goshinsa a jikin katako, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ya tsaya, ya sake. Ƙarar ba ta da ƙarfi, sai gida ya yi tsit ake jin ta. Yaushe ne kuwa gida ke yin tsit alhali mutane na farke? Sai daren da ake jinyar wanda ciwo ya yi wa tsanani. Idan majinyacin ya cika, sai a ce ai an ji ƙwanƙwasar mutuwa. Sauran darare da ƙwaron ya yi ta bugu kowa na barci, babu wanda ya ƙirga su. Wannan kuskuren lissafi, wato tuna ranar da abu ya dace da mance ranakun da bai dace ba, shi ne uwar camfi a ko'ina cikin duniya.

Wani likita da ya zauna a Norwich, Sir Thomas Browne, wanda ya rayu daga 1605 zuwa 1682, ya wallafa littafi a 1646 yana bin camfe-camfen zamaninsa yana gwada su. Ya bayyana cewa ƙwaro ne ke ƙwanƙwasar nan, ya kuma ajiye bitan a lambunsa har shekara biyu yana lura da shi.

Baƙin Kare

Fatalwar da ta fi kowace suna a wannan yanki ita ce Black Shuck, wani baƙin kare mai girman maraƙi da idanu kamar garwashi, wanda aka ce yana sintiri a gaɓar teku wajen garin Cromer, kuma wai duk wanda ya haɗa ido da shi ba zai ga baɗi ba. Labarinsa mafi shahara ya faru ne a maƙwabciyar gunduma, Suffolk. Ranar Lahadi 4 ga Agusta, 1577, aka yi gagarumin hadari ana tsakiyar ibada a majami'un Bungay da Blythburgh, mutane suka mutu a duka biyun. Wani malamin coci mai suna Abraham Fleming ya buga 'yar ƙasida a Landan yana cewa baƙin kare ne ya kutsa ya karya wuyan masu ibada. Amma littattafan majami'ar Bungay, waɗanda mutanen garin suka rubuta da hannunsu, sun ambaci hadarin da mutum biyu da suka mutu a hasumiyar ƙararrawa, ba su ambaci kare ba. Hasumiyar coci ita ce gini mafi tsayi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma sai bayan shekara 170 da wani abu Benjamin Franklin ya ƙago sandar kare gini daga tsawa.

Idanun garwashi ma suna da bayani. A bayan idon kare da kyanwa da kura da sauran dabbobin dare akwai wani shimfiɗi mai kama da madubi, wanda ke mayar da hasken da ya shiga ido domin dabba ta yi amfani da shi sau biyu. Duk mafaraucin da ya taɓa haska fitila a daji ya san wannan. Idan baƙin kare ya tsaya cikin duhu, jikinsa ba ya ganuwa, idanun kaɗai ake gani, sai tsoro ya zana sauran jikin yadda ya ga dama. Daɗin daɗawa, gaɓar Norfolk ta yi suna wajen fasa-ƙwauri a ƙarni na 18, kuma babu abin da ɗan fasa-ƙwauri ke so irin labarin da zai hana jama'a fita da dare.

Manyan Gidaje Biyu

Gidan Blickling ya shahara da labarin Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas, wadda aka fille wa kai a Landan ranar 19 ga Mayu, 1536. Wai duk shekara a wannan dare takan iso gidan cikin keken doki, tana riƙe da kanta a cinya. Gaskiya ne danginta sun mallaki wurin, amma ginin da ke tsaye a yau wani alƙali ne, Sir Henry Hobart, ya gina shi bayan ya sayi filin a 1616, shekara 80 bayan mutuwarta.

Gidan Raynham kuwa shi ne mai “Mace Mai Riga Ruwan Ƙasa”, wadda aka ce ita ce Dorothy Walpole, ƙanwar firayim ministan Birtaniya na farko, da ta rasu a 1726. Ana ba da labarin wani hafsan sojan ruwa kuma marubuci, Frederick Marryat, wai ya harbe ta da bindiga a 1836 harsashi ya ratsa ta. Amma 'yarsa ce ta rubuta labarin a 1891, shekara 55 bayan aukuwarsa, shi kuwa ya rasu tun 1848. A watan Satumba na 1936 wasu masu ɗaukar hoto biyu suka fito da hoton wani farin abu kamar mace mai lulluɓi a kan matakalar gidan, mujallar Country Life ta buga shi a Disamba. Masu nazarin hoto sun nuna cewa waɗansu sassan matakalar sun fito biyu-biyu, alamar an ɗauki hoto sau biyu a kan faranti ɗaya ko kyamara ta motsa. Waɗannan gidaje biyu suna koyar da tambayoyi uku da ya kamata a yi wa kowane labari: wa ya gani da idonsa, yaushe aka rubuta, kuma wa zai ci riba idan aka gaskata?

Abin da ke Jikin Mai Gani

Mafi yawan waɗanda suka ce sun ga fatalwa ba maƙaryata ba ne. Sun ga wani abu, sai dai a nemi inda yake. A bayan idon mutum akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Iri na farko, kimanin miliyan 6, su ke rarrabe launi, amma sai da haske sosai suke aiki. Iri na biyu, kimanin miliyan 100, su ke aiki da dare, ba su san launi ba, ba sa fitar da abu dalla-dalla, kuma babu su a tsakiyar ido sai a gefe. Shi ya sa fatalwa kullum fara ce ko baƙa ko toka-toka, akan hango ta ta wutsiyar ido, da an juyo a dube ta sosai sai ta ɓace. Ƙwaƙwalwa kuma takan cike giɓin da abin da take tsammani. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 1997 masana biyu a Amurka, Lange da Houran, suka zagaya da mutane cikin wani tsohon gidan sinima. Rabi aka ce musu akwai fatalwa a ciki, rabi aka ce ana gyaran ginin ne kawai. Waɗanda aka tsorata su ne suka fi ba da labarin jin abubuwan ban mamaki.

Sai kuma abin da Turawa suka siffanta da tsohuwa mai zama a ƙirjin mai barci, Hausawa kuma suke kira dannau. A lokacin mafarki ƙwaƙwalwa takan kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci hankali kan farka kafin gaɓoɓi su saku, sai mutum ya ji ya kasa motsi da magana, ragowar mafarki kuma ta zubo cikin ɗakin. Ba ya wuce daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, kuma ba ya kisa. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike da dama ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantar sa, amma a cikin ɗalibai ya kai kashi 28. Rashin isasshen barci, damuwar jarrabawa da kwanciya rigingine suna ƙara shi.

Har ila yau, fadamun gabashin Ingila sun yi fama da zazzaɓin cizon sauro har cikin ƙarni na 19. Talakawan wurin sukan yi maganinsa da shayin ƙwallon furen da ake yin ofiyom da shi, har da ba jarirai. Zazzaɓi mai zafi da ofiyom kowanne shi kaɗai yana sa gane-gane.

Mafi haɗari duka ita ce iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Tana fitowa idan gawayi ko itace ko fetur ya ƙone a wurin da iska ba ta isa ba, kuma tana manne wa jan sinadarin jini fiye da oksijin sau 200 ko fiye. A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya buga labarin wasu iyali da suka tare a wani tsohon gida suka riƙa jin takun sawu, suna ganin mutane tsaye a bakin gado, ga ciwon kai da kasala. Da aka duba, murhun ɗumama gida ne ya lalace yana turo musu hayaƙi. Aka gyara shi, fatalwowin suka tafi.

Hasarar da Tsoro ke Jawowa

Wani zai ce ai labari ne kawai na hira, ina laifinsa? Tarihin wannan yanki ya ba da amsa. Tsakanin 1645 da 1647 wani mutum mai suna Matthew Hopkins ya bi garuruwan gabashin Ingila, har da Great Yarmouth da King's Lynn na Norfolk, ana biyansa yana farautar mayu. An rataye mutane fiye da 100 a sanadinsa, mafi yawansu tsofaffin mata matalauta. A 1662 kuma, a wata shari'a a Bury St Edmunds, Sir Thomas Browne da kansa ya ba da shaida cewa maita ce ta kama waɗansu yara, aka rataye mata biyu. Mutumin da ya gano ƙwaro a cikin azara ya kasa yin irin wannan bincike a ranar da rayuka ke kan siraɗi. Ilimi ba ya kare mai shi idan ya ajiye shi a gida.

Ita ma mujiya ta ɗanɗana. An yi zamanin da manoman Ingila ke kashe ta su kafe gawar a ƙofar rumbu don korar sharri, alhali kowace mujiya tana cin ɓeraye 3 zuwa 4 a dare guda. Binciken 1932 ya ƙiyasta akwai ma'aurata 12,000 a Ingila da Wales. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 sun ragu zuwa kimanin 3,800, galibi saboda sauyin noma, magungunan ƙwari da rushe tsofaffin rumbuna. Dokar 1981 ta ba ta kariya ta musamman, manoman Norfolk kuma suka shiga kafa mata akwatunan sheƙa. Yaron da ya jefe mujiya a rufin makaranta a ƙasar Hausa, ɓerayen rumbun gidansu ya yi wa aiki.

Aiki ga Malamai da Ɗalibai

Ga gwaji biyu da ba sa bukatar kuɗi. Na farko, a kunna turaren tsinke a kafa shi a ƙarshen ɗaki mai duhu sosai, ɗalibai su zauna nesa su zuba wa jan ɗigon ido na minti biyu, kowa ya rubuta abin da ya gani ba tare da ya yi magana da wani ba. Da yawa za su rantse ɗigon ya motsa, wani ya ce dama, wani ya ce sama, alhali yana nan inda yake. Idan ido ya rasa abin kwatance a gefe, ƙwaƙwalwa takan ɗauki 'yar rawar ido a matsayin motsin haske.

Na biyu, a duba ƙarƙashin inda mujiya ke kwana, za a sami waɗansu baƙaƙen dunƙule kamar babban yatsa. Gashi ne da ƙasusuwan da ta amayar. A jiƙa su a ruwa, a warware da tsinke, a ƙirga ƙoƙon kan ɓerayen da ke ciki, sannan a wanke hannu da sabulu.

Kammalawa

Labaran Norfolk ba su mutu ba, ana ba da su a littattafai, masu yawon buɗe ido kuma suna zuwa Blickling saboda su. Adana su a matsayin tarihin al'umma abu ne mai kyau. Abin da ake so ɗalibin kimiyya ya ɗauka shi ne halin Purdy, wanda ya fita ya lura ya rubuta, da tambayoyin nan uku da ake yi wa kowane labari. Matambayi ba ya ɓata. Abu na ƙarshe kuma ya shafi rai kai tsaye. Idan mutanen ɗaki guda suka wayi gari da ciwon kai da jiri da gane-gane, musamman da sanyin hunturu, a fara buɗe taga a fitar da kowa waje, a kashe janareta, a fitar da kaskon gawayi, a garzaya asibiti. Sauran bincike ya biyo baya.